Ɗan Gidan Ladi

In ana maganar kunya a unguwar Birni ta Damagaram, to a fara da Rakiya mai alkaki, sauran mata su biyo baya. Matar nan ta haifi ɗanta na fari shekara ashirin da shida ke nan, amma ka bi Birni gida gida, ba za ka sami wanda ya taɓa jin sunan yaron a bakinta ba. Suma'ila aka raɗa masa. Ana yaye shi, yayar ubansa, Ladi, ta zo daga Mirriya ta goya abinta ta tafi, kamar yadda ake yi wa ɗan fari tun kaka da kakanni. Daga ranar nan ya zama "ɗan gidan Ladi". In ya zo gaisuwa, Rakiya ta amsa idonta na kan kaskon suya. Shi ma ya koyi nasa salon, ba ya ce mata Inna, sai "Innar Munira", da sunan ƙanwarsa.

Matan yanzu har tsiya suke yi mata. "Haba Rakiya, wannan kunyar ai an binne ta tare da kakanninmu!" Ita kuwa ko a jikinta. Haka uwarta ta yi mata, kuma ba ta ga abin da ya rage ta da shi ba.

Yaro ya tashi a Mirriya ya zama ƙato, ƙirji kamar ƙyauren zaure, ya faɗa kokowa. Makaɗa suka sa masa Mai Nasara, sunan ya bi shi har Suma'ila ya ɓace, ko Ladi Mai Nasara take cewa. Ranar da ake sa kokowarsa a rediyo, maƙwabta kan taru a tsakar gidan Rakiya, ita kuwa sai ta ce wuta na jiranta, ta shige madafa. Amma fa madafar ba ta da ƙyaure, kuma Munira ta sha lura cewa ranar kokowa ce kaɗai alkakin uwarta ke ƙonewa. Washegari Rakiya za ta cika kwano da wanda bai ƙone ba, mai zuma sharkaf, ta ce, "Wannan ya yi mana yawa, a kai wa Yaya Ladi." Duk duniya ta san Ladi ba ta da haƙoran alkaki.

To, bana bayan girbi, Rakiya na zaune tana murza alkama da mai, sai ga Munira ta faɗo gida ko sallama babu.

"Inna, Yaya ya faɗi."

"Ɗan kokowa ai ba ya rasa faɗuwa," in ji Rakiya, ba ta ɗago ba.

"Ba kayar da shi aka yi ba, Inna. Ba wanda ke riƙe da shi. Suna gwaji ne shekaranjiya, ya dafe ƙirji ya durƙushe, gumi na zuba, ya ce ciwon har cikin hannunsa na hagu."

Hannun Rakiya ya tsaya cik a cikin ƙwarya.

Munira ta zayyana mata sauran. An kawo shi asibiti nan Damagaram, wurin wata lokotoro mai duba zuciya, Zahra'u. Ta auna shi, ba tansiyon, wato hawan jini, ba ciwon sukari, ba ya shan taba. Ta ɗora masa na'urar eko, mai nuna hoton zuciya, ta ga bakin wata jijiya ya buɗe fiye da ƙima. Sai ta yi tambaya guda: ko ya taɓa wani zazzaɓi mai tsanani, mai daɗewa, yana ƙarami? Ladi ta dafa ƙirji ta rantse cewa a hannunta ko ciwon kai bai taɓa kwantar da shi ba, kuma gaskiyarta ta faɗa. Shi ke nan, abokansa suka sami abin faɗi. Suka ce tunda ba ciwon asali ba ne, jifa ne, Ɗan Azumi na Tirmini ne ya jefe shi don gobe za su kara a Mirriya bayan an tashi kasuwa. Aka yi masa rubutu ya sha, aka ƙara masa laya, ciwon ya lafa, ya ce ya warke sarai.

"Lokotoro ta ce kada ya yi kokowa sai ya je Yamai an yi masa sikanar, babban hoton jijiyoyin zuciya," in ji Munira. "Ya yi dariya, wai matan asibiti me suka sani a harkar maza."

Rakiya ta ci gaba da murza alkama, amma ba ta san abin da take murzawa ba. Zazzaɓi mai daɗewa. Allah Sarki Ladi, ina za ta sani? Abin ya faru kafin yaye, yaron na da shekara ɗaya da 'yan watanni, ubansa marigayi Bashir baduku ya tafi Kano sayar da fatu. Surukarta, wadda ta yi jinyar, ta daɗe a ƙasa. A duk faɗin duniya saura mutum ɗaya da ya ga ciwon nan da idonsa, ita ce kuma wadda al'ada ta ce ba ta gani ba.

Ta fara neman hanyar zillewa, kamar yadda kowa zai yi. "Munira, ki je ki ce wa lokotoron, an ce ɗan gidan Ladi ya taɓa wani zazzaɓi."

"In ji wa? Wane iri? Inna, tambayoyi za ta yi mini, ni kuwa lokacin ko cikina ba a yi ba."

Rakiya ta wanke hannu, ta rufe ƙwarya da faifai, ta ɗauko mayafinta na zuwa biki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Lokotoro Zahra'u 'yar siririya ce, ba ta fi sa'ar Suma'ila da yawa ba. Da Munira ta ce, "Ga mahaifiyarsa," sai ta miƙe ta ba Rakiya kujera, ta rusuna ta gaishe ta. 'Yar Damagaram ce, ta san nauyin da matar nan ta ɗauko, don haka ba ta ambaci suna ba, ta ce kawai, "Inna, yaron nan, ki faɗa mini abin da kika gani."

Rakiya ta dubi bango ta fara, murya ƙasa ƙasa. Zazzaɓi ne da ya fi mako, aka ba da maganin sauro bai ko gezau ba. Idanu suka yi ja wur, amma ba kwantsa. Leɓe ya tsage har jini. Harshe ya yi ja da ƙananan ƙuraje. Kaluluwa guda ta fito a wuya, ɓangaren dama. Tafin hannu da na ƙafa suka kumbura, in an taɓa ya tsala ihu. Kuka kuwa, ba goyo ba rarrashi. Surukarta ta ce ƙyanda ce, kowa ya ce ƙyanda ce.

"Ke fa, Inna?"

"Ni na ga ƙyanda a jikin ƙannena. Tana zuwa da tari da majina. Wannan babu." Ta gyara mayafi. "Amma wa zan faɗa wa? Yarinya ce ni, ɗan fari ne. Kakarsa ke riƙe da shi, sai in zai sha nono a miƙo mini. To a nan nake duba shi, in na juya wa mutane baya. Da zazzaɓin ya sauka, sai fatar yatsunsa ta fara saɓulewa daga bakin farce, kamar ɓawon albasa. Ni na riƙa cire masa a hankali da man shanu."

Munira ta saki baki tana kallon uwarta. Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin Rakiya ta jera magana uku a kan yayanta ba.

Lokotoro ta ajiye alƙalami, ta ce, "Inna, Allah Ya saka miki. Abin da nake tsoro ke nan, amma gara da na ji." Ta ce ciwon yana da suna, Kawasaki, sunan likitan Japan da ya fara gane shi.

"Kamar babur?" in ji Munira.

"Kamar babur." Ta ɗan murmusa, sannan ta koma kan Rakiya. Ta ce ciwo ne na ƙananan yara, yana kumbura hanyoyin jini. A wancan lokacin ba kowa ya san shi ba, har yau ma yana shige wa mutane da rigar ƙyanda. Zazzaɓin yakan tafi da kansa, yara da yawa su warke ba tabo. Amma wasu yakan bar musu rauni a jijiyoyin da ke ciyar da ita kanta zuciyar, ba a gani, ba a ji, sai an girma. "An ce mini maigidanki baduku ne. Kin san salkar ruwa in fatarta ta yi rauni a gefe guda, ta yi tumbi? Haka jijiyar ke yi. Jini yakan daskare a wurin, ko gaba da wurin ya tsuke. Ranar da zuciya ta nemi jini da yawa, irin na kokowa, sai hanya ta toshe."

"Sai me?" in ji Rakiya. Ta sani, amma tana so a faɗa.

"Ana iya faɗuwa ba a tashi ba, Inna. Ba zan rantse ba sai an yi sikanar a Yamai, amma da abin da na gani da abin da kika faɗa, ni dai da ƙanena ne ba zai shiga fili ba. Akwai magani mai hana jini daskarewa, akwai aiki in ta kama. In ya kiyaye, zai iya ganin jikokinsa. Na hana shi takardar shiga gasar kokowa ta ƙasa, wadda ake cin takobi, wannan ikona ne. Amma kokowar kasuwa ba ta tambayar takarda. Na kira shi a waya har na gaji, ya daina ɗauka."

Washegari da hantsi Rakiya da Munira suka shiga motar hiyas ta Mirriya, a matse tsakanin buhunan barkono da wata mata mai kaji. Rakiya ba ta zarce fili ba, don ita ba ta shiga gona sai ta ƙofa. Gidan Ladi ta fara sauka, ta durƙusa har ƙasa ta faɗa mata komai.

"Yaya Ladi, ɗanki ne. Ke za ki hana shi."

Ladi ta fashe da kuka. "Wayyo ni! Na je na rantse wa lokotoro, na ba shi hujja da bakina."

"Abin da kika gani kika faɗa."

"Rakiya, tun jiya nake roƙonsa. Ya saba da roƙona, kullum ina cikin yi, kada ka hau babur da gudu, kada ka sha ruwan sanyi. Ya rungume ni ya ce Iya ta tsufa, ya fice." Ta share ido da gefen zane, ta dubi matar ƙanenta. "Ke kaɗai ce ba ki taɓa roƙonsa komai ba."

Rakiya ta ji maganar har cikin ƙashinta. Ta buɗe baki za ta ce wani abu, sai ganga ta tashi daga bayan kasuwa.

Kai, jama'a ta taru ranar nan! Mutanen Hamdara, mutanen Tirmini, 'yan kabu-kabu daga Damagaram, yara a kan rassan itatuwa. An zuba yashi an kewaye da buhuna. Ƙananan 'yan kokowa suka yi nasu suka gama, sannan maroƙi ya ɗauki lasifika ya fara zuba kirari. Ɗan Azumi ya fito daga gabas yana taku ɗai ɗai. Mai Nasara ya fito daga yamma, layu reras a damtse da ƙugu, fili ya ɗauki sowa. Rakiya na tsaye can baya cikin mata, kuma yau ce ranar farko da ta gan shi a fili da idonta. Wallahi kyakkyawa ne, kafaɗun Bashir sak. Amma ita ba kafaɗu take kallo ba. Ta ga ya tsaya bayan rawar shiga, ya ɗan shafa ƙirji da tafin hannu kamar mai kaɗe yashi, ya ja numfashi da baki. Ba wanda ya lura sai ita.

Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi. Rakiya ta miƙa wa Munira kwanon alkakin da ta riƙo, ta ratsa mata, ta ratsa maza. "Hajiya, ina za ki? Nan ba wurin mata ba ne!" Ba ta ji ba. Ta cire takalmanta, don ko a nan ladabinta bai bar ta ba, ta tsallake buhu ta taka yashi. Alƙalin wasa ya riga ya sa usur a baki. Mazan biyu sun duƙa, hannu na neman hannu.

"Suma'ila!"

Murya ce ta mace mai tallar alkaki a ƙuruciya, ta ratsa ganga ta wuce. Makaɗin ya tsaya da gula a sama. Mutane suka shiga waige waige, wane ne kuma Suma'ila? Shi kansa mai sunan sai da ya ɗan jima kafin ya miƙe, don ya san sunan, ya san muryar, amma bai taɓa jin su tare ba.

"Innar Munira?" ya ce. "Lafiya?"

Ta zo har gabansa, kanta bai kai kafaɗarsa ba. Ta ji kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige, amma ta kama hannunsa na dama ta juya tafin sama.

"Ba jifa ba ne. Wannan bawan Allah bai yi maka komai ba. Ciwo ne ka yi a hannuna kafin a kai ka wurin Iyarka, ita ba ta sani ba. Yatsun nan duk sai da suka saɓule, ni na shafa musu mai. Wannan ƙaramin ya fi daɗewa bai warke ba, shi kake sa wa a baki kana kuka. Jiya na je na faɗa wa lokotoro, ta ce shi ne ya taɓa maka jijiyar zuciya. In ka kama mutumin nan yau, ana iya fitar da kai a kan tabarma."

Ya dubi yatsunsa kamar yau aka ba shi su. Ƙaton da ke ɗaga maza sama, muryarsa ta koma ta yaro.

"Ashe kina kallona?"

"To wa zan kalla?" in ji Rakiya, hawaye na bin kumatunta. "Ban taɓa roƙonka komai ba, Suma'ila. Yau na roƙe ka."

Daga baya aka fara gunaguni. Wani ɗan iska ya ɗaga murya, "Mai Nasara ya ji tsoro, ya kira uwarsa!" Aka kwashe da dariya a ɓangaren Tirmini. Kowa ya san ɗan kokowa gara a kayar da shi sau goma da a ce ya gudu, kuma Rakiya ta ga jijiyar wuyansa ta miƙe, ta ga ƙafarsa ta gyara tsayuwa a cikin yashi. Ita kuwa ba ta saki hannun ba.

Sai ya sa ɗaya hannun ya kwance layar damtsensa, ya kwance ta ƙugu, ya tara su ya zuba mata a gefen mayafi. Ya juya wurin alƙali ya ce, "A ba Ɗan Azumi nasara." Ihu ya tashi, wasu na zagi, wasu na salati. Shi kuwa Ɗan Azumi, Allah Ya yi masa albarka, bai ɗaga hannu ba. Ya zo ya tsuguna gaban Rakiya ya ce, "Inna, na gode da kika wanke ni." Sannan ya miƙe ya fuskanci mutanensa, ya daka musu tsawa cewa duk mai sauran dariya ya shigo yashi ya yi ta a gabansa. Ba wanda ya shigo.

Suka fita tare, ita a gaba, shi a baya riƙe da takalmanta.

Labari ya riga su isa Birni. Wasu tsofaffi suka ce Rakiya ta zubar da kunyar shekara da shekaru a gaban maza, wasu suka ce kunyar da za ta binne ɗa ba kunya ba ce. Ni dai da za a tambaye ni, ban taɓa ganin mace mai kunya irin ta ranar nan ba, don ta san abin da take ajiyewa, ta kuma ajiye.

Ranar tafiya Yamai aka raka shi tasha, Ladi na ta addu'a, Munira na riƙe da takardun asibiti. Rakiya ta tsaya gefe, mayafi har goshi, tana kallon tayar mota kamar ita aka aiko ta dubawa. Da aka fara kiran fasinja, Suma'ila ya zo ya durƙusa a gabanta.

"Inna," ya ce. Bai ƙara Munira ba. "Ki sake kiran sunana mana, ko sau ɗaya."

Rakiya ta ja mayafi ta rufe baki. Ta zaro ƙullin alkaki daga ƙarƙashin hammata, ta miƙa wa 'yarta ba tare da ta dube shi ba.

"Munira, ce wa ɗan gidan Ladi ya riƙa shan maganinsa a kan lokaci. Kuma ki ce masa ya dawo, ana jiransa."